Ƙofar da Tela Ya Saya

A layin masu kayan gini babu wanda bai san Tela ba, ko da yake shi ba magini ba ne, kuma duk shekarun da ya yi yana ratsa layin abin da ya taɓa saya bai wuce ƙusa da kwaɗo da ɗan gwangwanin fenti ba. Shagon ɗinkinsa yana can ƙarshen layin, jikin na mai gyaran takalma. Mutum ne siriri mai ɗan doro irin na waɗanda suka daɗe a kan keken ɗinki, kullum da tef rataye a wuya da guntun alli a bayan kunne. A bayan idonsa masu shaguna suna ce masa Bari-in-zaga, don duk abin da ka faɗa masa kuɗinsa, komai arharsa, sai ya jinjina kai ya ce, "To, bari in zaga in dawo."

Ba da girma ya koyi halin ba. Tun yana yaro in aka aike shi sayen zare sai an gaji da jira, ya dawo da zufa da canji a dunƙule a hannu, yana ba da labarin wanda ya so ya cuce shi. Mahaifinsu, wanda shi ma tela ne, yakan shafa kansa ya ce, "Wannan dai ba za a yi masa wayo a duniya ba." Maganar ta zauna masa daram. Da ya girma ya zama shi ne idon dangi. Mai son katifa, mai son injin niƙa, mai son kwanon rufi, kowa sai ya biyo ta shago ya ce, "Tela, raka ni." Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa shi ne a ce a gaban mutane da ba don shi ba da an yanke mutum.

Ƙaninsa, wanda har ya yi gemu kowa Auta yake ce masa, ba haka yake ba. Tela ne ya goya shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya zaunar da shi a kan keke. Auta ya karya allurai ba iyaka, ya taɓa ɗinke wa wani aljihu ruf, ran nan ya ajiye almakashi ya bi manyan motoci. Da mahaifinsu ya rasu aka ja katanga a tsakiyar gidan, aka bar 'yar ƙofa a jikinta. Tela ya sami ɓangaren da ɗakin Inna, mahaifiyarsu, yake; Auta ya sami wanda ya fi lalacewa. Haka aka daɗe. Tela yana ɗinki, yana ciyar da Inna, yana kai ta asibiti in ciwon gwiwa ya motsa. Auta yana zuwa da tsaraba, ya kwana biyu ya koma hanya. Tela bai taɓa jin komai a ransa ba, don a lokacin shi ne babba ta kowace fuska.

Sai Auta ya sayi motarsa ta kansa. Kafin a gama yi masa murna ya ƙara wata. Ya yi aure, matarsa ta haihu, ya ce zai gyara gida.

A bakin wani mai shago da ake kira Dogo Tela ya fara jin labarin. Yana wucewa da safe Dogo ya leƙo daga bayan tarin buhunan siminti ya ce, "Tela, jiya na hango ƙaninka a kantin gilashi, yana nuna kaya da yatsa ana lodawa. Kai ka tura shi can?"

Kantin gilashi sabon kanti ne babba da aka buɗe a bakin titi. Cikinsa sanyi, kowane kaya da kuɗinsa a manne, ba tayi ba ragi. Tela ya sha faɗa wa mutane cewa duk wanda ya shiga wurin kuɗin sanyi da gilashi yake biya.

"Eh, mun yi magana," in ji Tela, ya wuce. Ba su yi ba. Ranar sau biyu yana yanka yadi ba daidai ba.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Da aka gama Tela ya bi ta 'yar ƙofar katanga ya shiga. An shimfiɗa tayil mai launin madara tun daga falo har tsakar gida, kana tafiya kana ganin ƙafarka a ciki. A bakin falon, saman matakala biyu, ga ƙofar ƙarfe ruwan ƙasa mai hannu ruwan zinariya. Auta ya buɗe ta ya sake ta, ta koma da kanta ta rufe ba ƙara.

"Yaya, ka gani? Ko jariri ba ta tayarwa."

Tela ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ya duƙa ya shafa tayil ɗin yana neman aibi. Bai samu ba. Ya ce, "Ba laifi. Nawa suka sayar maka da kwalin tayil ɗin?"

Auta ya sosa ƙeya. "Wallahi Yaya ban riƙe ba. Sun haɗa mini ne duka na biya."

Da zagi Auta ya yi masa da ya fi masa sauƙi. A ce mutum ya sayi abu bai ma san nawa ya biya ba, kuma yana tsaye yana dariya, ko a jikinsa! Tela ya koma gida ya tarar da tasa ƙofar ta falanki, wadda sai ka ɗaga ta da ƙafa take buɗewa, tana kuka kamar an taka jelar kyanwa.

Bayan nan Inna ta fara yini a can. Da an karya kumallo sai ta ɗauki tabarmarta da kwandon gyaran wake ta bi ta 'yar ƙofar, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Tela ya tambaye ta ko wani abu aka yi mata.

"Me za a yi mini? Ƙasan can ne sanyi, ƙafata tana jin daɗinsa."

Matarsa ma ta ƙara masa. Tana zuba masa abinci ta ce, "Baban yara, ka san tayil ɗin nan shara ɗaya, goge ɗaya, an gama? Ni kuwa simintin nan ko na wanke shi da hawayena ba ya haske."

"To ki koma can mana, akwai wuri," in ji shi, ya ture kwanon.

A daren ya yanke shawara. Zai sa irin tayil ɗin, zai sa irin ƙofar, kuma a ƙasa da abin da Auta ya biya, sannan ya faɗa a gaban Inna. Da safe ya tsinci ɓallin tayil a cikin tarkacen da aka zubar a ƙofar gidan Auta, ya waiga hagu da dama, ya jefa a aljihu.

Ya fara da kantin gilashi, don ya san iyakar tsadar. Ya shiga yana ɗaure fuska kamar an tilasta shi. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta bi shi tana cewa, "Baba, me za a kawo?" Ya ce kallo yake. Ya karanta kuɗin tayil, ya karanta na ƙofa, ya yi tsaki mai ƙarfi don ta ji. Ya tambaye ta ko in mutum ya sayi da yawa ana rage wani abu. Ta ce abin da aka manna shi ne. Ya ce ai ko likita ana roƙonsa. Ta yi dariya ta ce ita ba likita ba ce.

Daga nan ya nufi shagon Dattijo, shago mafi tsufa a layin, dogo mai duhu, warin fenti da tsatsa, bututu da wayoyi sun sauko daga rufi har suna taɓa kai. Dattijo da Dogo ba sa ga-maciji. A hannun Dattijo Dogo ya koyi ciniki, ya tashi ya buɗe nasa a tsallaken hanya, ya kwashe masa rabin masu saye. Tela ya san wannan sarai, kuma da shi ya yi aiki.

Ya ajiye ɓallin a kan kanta. Dattijo ya ɗaga shi kusa da ido, ya faɗi kuɗi. Tela ya ce, "Ikon Allah. Yaron can na tsallake ya ce zai yi ƙasa da haka."

"Wane yaron? Wanda na koya wa riƙe awo? Je ka ce masa ya rantse nasa ba mai lankwasa ba ne."

Tela ya tsallaka. "Dogo, tsohon can ya ce tayil ɗinka mai lankwasa ne."

Dogo ya fasa kwali a fusace, ya haɗa biyu fuska da fuska ya ɗaga wa haske. "Ga shi, nuna mini lankwasar! Na rage maka kaza, don dai ya ji haushi."

Haka Tela ya yi ta kai gwauro yana kai mari tsakanin shagunan biyu, safe da yamma, ɗinkin mutane yana jibge a kan tebur. Wata mata ta zo karɓar rigar ɗanta sau uku ba ta same shi ba, ta kwashe yadinta ta kai wani wuri. Ana cikin haka kaya suka tashi a ko'ina, abin da ya rage da baki ya dawo ta ƙofar baya. Bai fasa ba. A ƙarshe Dattijo ya gaji ya ce, "Ɗauka, na sallama, in dai zan huta da ganin fuskarka." Bambancin da na kantin gilashi, in an haɗa duka, ya kai kuɗin buhun siminti uku ko fiye.

Aka shimfiɗa tayil a falonsa da ɗakin Inna. Tela ya jira ranar da Auta ya dawo daga tafiya, ya kira shi, ya zaunar da Inna a kan kujera, ya ba da labarin tun daga farko, har da yadda Dogo ya fasa kwali. Ya faɗi abin da aka manna a kantin gilashi, ya faɗi abin da shi ya biya, sannan ya zuba wa fuskar ƙaninsa ido.

Auta ya tafa hannu. "Kai! Yaya, kai dai ƙarshe ne. Inna, kin ji? Ni ai da ganina sun san sun sami nama." Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, dariyar gaske, ba ko ɗigon ciwo a cikinta.

Inna ta ce Allah ya sa albarka, ta taka tayil ɗin ta ce ya yi kyau. Washegari ta ɗauki tabarmarta ta bi ta 'yar ƙofar katanga.

Tela ya tare ta da yamma. "Inna, yanzu kuma mene ne? Ba ga sanyin nan na kawo miki har ɗaki ba?"

"Kai dai ba ka gajiya," in ji ta. "Yarinyar nan ita kaɗai ce da jariri, mijinta yana kan hanya. Kai gidanka cike yake da mutane. In bar ta da wa?"

Bai yarda ba. A ransa ya ce ƙofar ce. Inna tana so in baƙi sun zo gaishe ta su shiga ta ƙofar da ba ta kuka.

Ban da kantin gilashi, irin ƙofar guda ɗaya ce ta rage a layin, tana shagon Dogo, jingine a bayan rodi, da ɗan ƙarce a ƙasanta wanda sai an duƙa ake gani. Tela ya kama ƙarcen nan ya riƙe gam. Kullum sai ya je ya duƙa ya shafa shi ya ce kamar ya ƙara faɗi. Dogo ya rage, ya sake ragewa, har ya kai inda ya ce, "Tela, wallahi ƙasa da haka uwar kuɗina zan taɓa. In kana so ka kawo abin da ke hannunka, ka ɗauka yau."

Kuɗin suna aljihunsa a lokacin, ya ji nauyinsu a cinya. Amma bakinsa ya riga shi. "To, bari in zaga in dawo."

Ya zaga. Ya je wani layi a bayan tasha da aka ce ana samun na hannu, ya sha rana bai sami komai ba. Da ya dawo bayan kwana biyu, bayan rodin babu komai sai shacin ƙura.

"Ina ƙofata?"

"Ƙofarka?" Dogo ya ci gaba da auna ƙusa bai ɗago ba. "Ai tana gidanku. Ƙaninka ya zo sayen makulli ya gan ta, ya ce za ta yi masa a ɗakin da yake ajiye tayoyi. Kuɗin farko na faɗa masa, bai ko yi tari ba."

Ɗakin tayoyi. Ƙofar da ya yi makonni yana duƙa mata, ita za a sa wa tsofaffin tayoyi da jarkokin baƙin mai. Auta bai san yana nemanta ba, don Tela bai faɗa wa kowa ba, amma wannan bai rage masa komai ba. Idonsa ya rufe. Bai koma shago ba. Ya miƙe titi har kantin gilashi, ya wuce ma'aikaciyar nan, ya tsaya gaban ƙofar da ta fi kowace girma, mai ɓari biyu, baƙa mai zanen furanni.

"Wannan. A loda."

"Baba, ka auna gurbin kuwa?"

Tef ɗin yana rataye a wuyansa. Ya ce, "Yarinya, awo sana'ata ce." Ya zazzage abin da ke aljihunsa, ya koma shago ya kwaso na jarin yadi ya cika.

Da motar ta sauke ƙofar unguwa ta fito kallo. Magini ya zo, ya kalli ƙofar, ya kalli bangon, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce ƙofar ta fi gurbin da kusan kamu biyu, kuma in aka fasa bangon haka kawai rufin ɗakin Inna zai biyo baya. Sai an tokare, an kafa ginshiƙi, an zuba kankare a sama. Ya faɗi kuɗin aikin. Tela ya nemi wuri ya zauna.

Ya koma kantin washegari, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙi a karɓi ƙofar. Suka ce an ɓare ledar, kuma gefe ɗaya ya gogu wurin saukewa, ba a mayarwa. Labari kuwa ya riga shi isa layin. Dattijo ya bi shi da kallo ta saman tabarau. Dogo ne ya ɗaga murya daga tsallake: "Tela, an ce ka ɗinka wa gida rigar da ta fi shi!"

Ƙofar ta yi damina guda a jingine a tsakar gida. Matarsa ta riƙa shanya zannuwa a kanta, yara suna ɓuya a bayanta. Auta ya shigo wata rana ya ce, "Yaya, bari in turo maginina ya kafa ta, ba wani abu ba ne."

"Na ce maka ina nema?"

"A'a, gani na yi..."

"To ka daina gani. Lokacin da nake wanke maka kashi ba ka san kuɗin sabulu ba."

Auta ya sunkuyar da kai ya fita. Inna, da ta ji komai daga ɗaki, ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwar Tela sai da ka. Ba a jima ba ta mayar da kwananta can gaba ɗaya.

Sai da aka koma makaranta, ya yi ta ɗinkin kayan 'yan makaranta har bayansa ya ƙage, sannan ya haɗa kuɗin magini. Aka kafa ƙofar. Ta yi kyau, ba mai musu, sai dai ta cinye fuskar gidan, har maƙwabta suna cewa ƙofa ta iso, saura gidan. Tela ya daina bin layin kayan gini na wani lokaci, yana zagayawa ta baya.

Shekarar da ta biyo Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya mutu. Ta daɗe a asibiti, aka sallamo ta a keken marasa lafiya. Auta ne ya biya komai, shi ya ɗauko ta a mota, ya tsaya a ƙofar gidansa. Aka ɗaga keken aka hau matakala da ƙyar, aka zo ƙofar nan ruwan ƙasa, keken ya ƙi shiga. Aka karkata shi, aka gwada ta baya, Inna tana nishi. Tela yana tsaye a gefe, hannu a baya. Can ya ce, "Ku kawo ta nan."

Ya buɗe ɓari biyun duka. Keken ya wuce sumul a kan tayil har bakin gadonta na da.

Ba zai ce bai ji daɗi ba. Ya ji, har ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi. Tun daga ranar Auta ne yake zuwa ya yi sallama a ƙofar Yaya in yana son ganin uwarsa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa.

Tela ya dawo da keken ɗinkinsa ɗaya gida, ya kafa shi a falo inda zai riƙa jin motsinta. Shi yake juya ta, shi yake ba ta magani, matarsa tana yi mata wanka. Bakin Inna ya karkace, maganarta ta zama kaɗan, sai wanda ya saba yake ganewa. Da rana in ya gaji da taka keke yakan shiga ya zauna a bakin gadon, ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa yana matsa mata da man zafi. Takan daɗe tana kallonsa, ta motsa leɓe. Ya kai kunne kusa.

"Auta ya dawo?"

"Bai dawo ba, Inna. Sai jibi."

Ta lumshe ido. Ya ƙara lakato man, ya kama ɗaya ƙafar.